Tambayi Malaman Jinya: Zuma, Wankan Jego, Ƙaho da Sauran Magungunan Gida

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato yadda za a haɗa maganin gida da na asibiti. Malaman jinya da ungozomomin da ke kula da wannan fili sun ɗauki guda biyar sun amsa.

Assalamu alaikum. Mahaifina yana da ciwon suga, kuma gyambo ya fito masa a diddige kusan wata 2 ke nan. Wasu sun ce in riƙa sa masa zuma, wasu sun ce zuma ai suga ce, za ta ƙara masa ciwo. Wanne zan bi? Daga Gusau.

Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Sa zuma a ciwo ba camfi ba ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma suga ne, ruwan da ke cikinta bai kai kashi 20 ba, shi ya sa take tsotse ruwan jikin ƙwayoyin cuta har su kasa hayayyafa. Tana da ɗan tsami wanda ƙwayoyin ba sa so, kuma idan ta gauraya da ruwan ciwo takan saki kaɗan daga sinadarin haidurojin, irin wanda yake kumfa idan ana wanke rauni. A asibitocin Ingila ana amfani da bandeji mai zumar Manuka ta ƙasar Niyu Zilan, wadda aka riga aka kashe duk wata ƙwayar cuta da ke cikinta. Zumar da aka shafa a kan fata kuma ba ta cika taɓa sugan jini ba, amma a ci gaba da gwaji kamar kullum.

Damuwarmu a kan ƙafar take. Mai ciwon suga jijiyoyin ƙafarsa sukan mutu, jini kuma ba ya isa can sosai. Gyambon da ya yi wata 2 a diddige yana iya zama ƙarami a ido alhali ya ci har ƙashi, kuma babu zumar da za ta kai nan. Saboda haka a fara kai shi asibiti a cire mataccen nama, a duba ko jini yana gudana, a yi hoto idan likita ya nema, a nuna muku yadda zai daina taka wurin. Gyambon da ake takawa kullum ba ya rufewa, ko me aka sa masa.

Idan sun amince da zumar, ga yadda ake yi. A wanke hannu da sabulu a sa safar hannu. A wanke ciwon da ruwan gishirin asibiti, in babu shi a tafasa ruwa lita 1 da gishiri ƙaramin cokali 2 a shafe, a bari ya huce. Ba a kwarara zuma a cikin ciwo, a kan ƙyallen bandeji ake shafa ta, kamar ƙaramin cokali 4 ga ƙyalle mai faɗin tafin hannu, sannan a kifa shi a kan ciwon a rufe da busasshe a ɗaure ba tare da matsewa ba. A canja kullum. Idan ruwan ciwo ya jiƙe bandejin kafin lokaci a canja nan take, domin zumar da ta tsinke ta daina aiki, ta koma abincin ƙwayoyin cuta. Zumar bakin hanya da aka haɗa da narkakken suga ba ta da wannan amfanin, wadda aka matse da saƙa da matattun ƙudaje kuma datti za ta ƙara. A kula da dare: zuma tana kiran kiyashi da ɓera, shi kuwa Baba ba lallai ya ji cizo a ƙafar ba, don haka a rufe ƙafar da safa mai faɗi a kwantar da shi cikin gidan sauro. Wari, baƙin nama, kumburin da ke hawa sama ko zazzaɓi, a koma asibiti a ranar.

Tunda zancen zuma ake, jaririn da bai cika shekara 1 ba ba a lasa masa ita, ko ɗigo. Takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya kashewa, amma a hanjin jariri tana fitar da guba mai shanye jiki har numfashi ya gagara.

Sista, yau kwanana 9 da haihuwar fari. Kakata ta dage sai wankan jego safe da yamma da ganyen darbejiya, da kunun kanwa, har arba'in. Jinina ya hau a watan ƙarshe na ciki. Ba na so in saɓa mata. Daga Funtuwa.

Barka da arziki, 'yar uwa, Allah ya raya. Hajiya ba ta nufin ki da komai sai alheri, kuma rabin abin da take yi daidai ne: hutu, abinci mai ɗumi, da wani ya ɗauke miki aikin gida. Abu biyu ne za a gyara, zafin ruwan da kanwar.

Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jegon da ake kawowa zuciyarsu ta gaza, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Yadda abin yake shi ne, a lokacin ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi, bayan haihuwa jiki yakan ɗauki makonni yana zubar da rarar ruwan. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda yake riƙe ruwa a jiki, sai ta hana wannan rarar fita. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin jini na fata, dole zuciya ta ƙara gudu. Kaya biyu ke nan a kan zuciyar da ta yi wata 9 tana aikin mutum biyu. Ke da jininki ya riga ya hau, haɗarin ya fi kusa da ke.

Ki yi wankanki da ruwan ɗumi wanda za ki iya tsoma gwiwar hannu a ciki ki bar ta ba tare da kin janye ba. Ganyen ba shi ne matsala ba, sai dai a daina fyaɗa tafasasshen ruwa da shi, mun sha ganin ƙuna a nono da cinya ta wannan hanyar. Idan an yi miki ɗinki a ƙasa, ki zauna a baho mai tsabta da ruwan ɗumi zalla minti 10 zuwa 15, sau 2 a rana, ki tsane da tawul. Wadda aka yi wa tiyata ba ta zama cikin ruwa, kuma ba a gasa mata wurin ɗinki. Kunu kuwa a sha na gyaɗa, na tsamiya, koko, duk ba kanwa. Ruwan nono yawan ba jariri ne ke kawo shi, da cin abinci da shan ruwa.

Ki je a gwada jininki a cikin wannan makon, a sake a mako na 6, domin jijjiga tana iya zuwa ko bayan haihuwa. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, haki a ɗan tafiya, tari da dare, ko ki ga ba kya iya kwanciya sai kin tara matashi, waɗannan ba na jira ba ne. Ki tafi awon tare da Hajiya, ungozoma ta yi mata bayani da bakinta. Ya fi a ce jika ce ke gyara wa kaka al'ada.

Malam, gaskiya ne zoɓo da tafarnuwa suna saukar da hawan jini? Na gaji da haɗiyar ƙwaya kullum. Daga Maraɗi.

Zoɓo yana saukarwa, amma kaɗan. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, masu ɗan hawan jini sun sha kofi 3 a rana na mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan 7. Wanda jininsa yake 170 ka ga 7 ba za ta fisshe shi ba. Kuma wancan zoɓon ba suga ba ne, ba irin namu na biki da ake narka wa rabin kwano ba. Ka sha abinka, Alhaji, amma kada ka ajiye ƙwaya. Hawan jini ba ya ciwo, mutum yana jin garau har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Idan ka haɗa su ka fara jin jiri in ka miƙe, ka je a gwada, wataƙila likita ya rage maka ƙwayar da kansa. Tafarnuwa a miya ba komai. Wadda ake haɗiya da yawa a matsayin magani tana iya tsinka jini, shi ya sa muke cewa duk wanda aka sa wa ranar tiyata ya tsayar da ita da sauran jiƙe-jiƙe mako 2 kafin ranar, ya kuma faɗa wa mai allurar barci duk abin da yake sha.

Ina fama da ciwon baya, ina so a yi min ƙaho, amma likita ya ɗora ni a kan asfirin saboda zuciya. Daga Potiskum.

Ka dakata tukuna. Asfirin da wafarin da danginsu aikinsu hana jini daskarewa, tsagar da za ta tsaya cikin minti 2 ga wani, a jikinka tana iya ta tsattsafo har dare. Kada kuma ka tsayar da asfirin da kanka don a yi ƙaho, wannan shawarar likitan zuciyarka ce. Haka masu ƙarancin jini, masu sikila, masu ciki, da ƙafar mai ciwon suga, duk ba a tsaga su. Akwai ƙahon da ba a tsagawa, kofi kawai ake kafawa ya ja fata minti 5 zuwa 10, wasu suna samun sauƙin ciwon baya da shi na ɗan lokaci, sai dai a jikin mai asfirin yakan bar tabon taruwar jini sosai.

Ga mai lafiyar da zai yi, sharaɗinmu a kan kayan aiki ne. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini a kan aska aƙalla kwana 7, kuma goga sifirit da auduga bai isa ya tabbatar an rabu da ita ba. Sabuwar reza a ɓare ta a gabanka, kofunan roba naka kai kaɗai, wanzami ya sa safar hannu. Ƙahon saniya na gargajiya da ake zuƙa da baki ba ya wankuwa yadda ya kamata. Ciwon bayan da ya zo da raunin ƙafa, ko fitsari yana zuba ba a sani ba, ko rama da zufar dare, hoto yake buƙata, don tarin fuka yana kama ƙashin baya.

Mahaifiyata ta sami shanyewar ɓarin jiki, an sallamo mu. Muna yi mata tausa da man kaɗe, ana kuma kawo mata rubutu, amma tana ƙwarewa idan ta sha. Daga Kumasi.

Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Tausa tana cikin aikin jinya, tana sassauta jiki tana sa barci, man kaɗe kuma yana hana fata bushewa ta tsage. A yi ta minti 10 zuwa 15, daga yatsu a nufi jiki, a hankali. Bayan nan a lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta sau 5 zuwa 10, safe da yamma, yadda masu gashin ƙashi suka nuna muku, ana tsayawa inda ta ji zafi. Kada a ja ta da shanyayyen hannu wajen tayarwa, kafaɗar tana gocewa domin naman da ke riƙe ta ya saki. Kada kuma a gasa ɓarin da ruwan zafi, ba ta jin sa, sai dai a ga fata ta saɓule.

Wurare biyu ne ba a taɓawa. Na farko inda ƙashi ya tokare katifa: diddige, ƙugu, gindin baya, kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata ja ba ya nunawa, abin da za ku gani shi ne wurin ya fi kewayensa duhu, yana sheƙi, ya yi ɗumi ko tauri. Gyambon kwanciya ne yake shirin fitowa, murza shi kuma yana ƙara yaga naman ciki. Maganinsa juyi duk awa 2, matashi tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya tashi daga katifa, zanin gado a bushe ba tattara. Na biyu, idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi. Wataƙila gudan jini ne, tausa tana iya tunkuɗa shi ya tafi huhu. A kai ta asibiti.

Rubutu da tofi ba mu hana su, majinyacin da hankalinsa ya kwanta ya fi ba da haɗin kai. Ƙwarewar ce abin tsoro, domin shanyewar takan taɓa maƙogwaro, ruwa ya bi hanyar iska ya haifar da ciwon huhu, kuma tsinkakken ruwa ya fi komai saurin kuskurewa. A wanke allon da ruwan da aka tafasa ya huce. A zaunar da Mama tsaye sosai, haɓa ta ɗan sunkuya, a ba ta da ƙaramin cokali ta lafiyayyen gefen baki, a jira ta haɗiye kafin na gaba. In ruwa yana ba ta wahala a dama shi cikin koko mai kauri. Ta zauna minti 30 bayan an gama, a duba kumatu ko abinci ya maƙale. Idan duk da haka tana tari, ko muryarta ta koma kamar mai kurkure, a tsaya da ba ta komai ta baki, a shafa mata rubutun a fuska da jiki, a koma asibiti a gwada haɗiyarta, wataƙila sai an sa mata robar abinci ta hanci na ɗan lokaci.