Asibitin da Nake Aiki Yana Sa Ni Sa Hannu a Fayil ɗin Mutanen da Ban Duba Ba

Assalamu alaikum Barista. Ni nas ce a jihar Tekzas ta Amurka. Na kammala digiri na biyu, na ci jarrabawa, aka ba ni lasisin NP, wato nas mai ikon duba mara lafiya da rubuta magani. Na daɗe ina neman aiki ana cewa ba ni da gogewa, sai wani ƙaramin asibitin kuɗi ya ɗauke ni. Yanzu manaja yana kawo mini fayil ɗin mutanen da ban taɓa gani ba in sa hannu. Waɗanda na duba kuma da sunan likita ake neman kuɗinsu, alhali likitan sau ɗaya yake leƙowa a wata. Da na yi magana sai aka tuna mini na sa hannu cewa zan biya dala 20,000 idan na tafi kafin shekara biyu, kuma ba zan yi aiki cikin mil 25 daga asibitin ba. Ina tsoron tafiya, ina tsoron zama. Me doka ta ce?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Daga gobe da safe kada ki ƙara sa hannu a fayil ɗin wanda ba ki duba ba, ko da manaja zai ɗaure fuska. Dala 20,000 da mil 25 ɗin da suka hana ki barci su ne ƙananan matsalolinki. Babbar ita ce sa hannun nan. Lasisin da Hukumar Kula da Aikin Nas ta Tekzas ta ba ki naki ne, lambar NPI mai alƙaluma 10, wato lambar shaidar ma'aikacin lafiya da ake neman kuɗin aiki da ita, taki ce, rajistar DEA, hukumar tarayya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta rubuta magunguna masu sa maye da sunanki take. Ranar da masu bincike suka zo, waɗannan lambobi za su bi, kuma "oga ne ya sa ni" ba hujja ba ce a gaban hukumar nas ko a gaban kotu. Mai asibiti yana iya rufe kamfani ya buɗe wani da sabon suna. Ke kuwa hukuncin da aka yi miki yana shiga Nursys, rumbun bayanan lasisin nas da kowace jiha ke gani.

Ga abin da suke yi da sunan likitan. Shirin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga tsofaffi da naƙasassu, yana biyan NP kashi 85 cikin 100 na abin da yake biyan likita a kan aiki iri ɗaya. Idan aikin dala 100 ne, da sunanki 85 za a samu, da sunan likita 100. Doka ta yarda a nemi cikakken kuɗin da sunan likita, amma da sharuɗɗa: likitan ne ya fara ganin mara lafiyar, shi ya tsara yadda za a kula da shi, ke kina bin tsarin ne kawai, kuma yana sa ido kai-tsaye a lokacin da kike aikin. Sabon mara lafiya, ko tsoho da ya zo da sabon ciwo, ba ya shiga wannan. Likitan da ake gani sau ɗaya a wata da wuya ya cika sharuɗɗan.

Amma ki bambanta abu biyu, don mutane da yawa suna cakuɗa su. Rashin zaman likita a asibitin shi kaɗai ba laifi ba ne a Tekzas. Abin da jihar ta wajabta shi ne rubutacciyar yarjejeniyar ba ki ikon rubuta magani, wadda ku biyu kuka sa wa hannu ake kuma sabunta dubawa duk shekara, da zama tsakaninku aƙalla sau ɗaya a wata a rubuta abin da aka tattauna. A irin wannan asibiti likita ɗaya ba ya wuce NP ko mataimakan likita bakwai masu cikakken aiki a ƙarƙashinsa. Ki nemi kwafin yarjejeniyar yau. Idan ba a taɓa nuna miki ita ba, ki dakatar da rubuta magani har sai kin gan ta da idonki.

Dokar da ta fi shafar ki ita ce False Claims Act, ta tun 1863, wadda ke hukunta neman kuɗin gwamnati da ƙarya. Ana biyan ninki uku na asarar da aka jawo, ga tarar da ta haura dala 10,000 a kan kowace takarda guda. Ba sai an tabbatar kin yi niyyar zamba ba. Kau da kai da gangan ko halin ko-in-kula ya isa. Wanda kotu ta samu da laifin zambar Medicare ko Medicaid (inshorar gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi) kuma ana cire shi daga duk shirye-shiryen lafiya na tarayya aƙalla shekara biyar, wanda a aikace ke nufin da wuya a sami asibitin da zai ɗauke shi. Yanzu da kika gane abin da ke faruwa, duk sa hannun da kika ƙara ya fi na baya nauyi.

To waɗanda kika riga kika sa wa hannu fa? Kada ki koma cikin kwamfuta ki goge ko ki gyara komai. Manhajar fayil tana ajiye wanda ya shiga, da ƙarfe nawa, da abin da ya taɓa, kuma gyaran bayan fage yana iya zama laifi na daban da ya fi na farko muni. Ki nemi lauyanki na kanki wanda ya san dokar harkar lafiya. Lauyan asibiti na asibiti ne, komai fara'arsa. Ki gaya wa naki komai, har abin da kike jin kunyar faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki kuma duba inshorar aikinki, da yawa suna biyan kuɗin lauyan kare lasisi.

Kafin ki gan shi, ki sami littafi ki ajiye a gida. Kullum ki rubuta kwanan wata, wa ya ce me, fayil nawa aka kawo, ko likita ya zo. Kada ki sa sunan mara lafiya, kada ki tura fayil zuwa imel ɗinki, kada ki ɗauki hoton allon kwamfuta ki aika wa ƙawa a WhatsApp. Dokar sirrin marasa lafiya ta HIPAA ta buɗe wa mai fallasa ƙofa ya nuna bayani ga lauyansa ko ga hukumar sa ido, amma iyakarta ke nan, kuma lauya ne zai ce miki abin da za ki iya ɗauka. Ƙin amincewarki kuwa ki yi shi a rubuce, gajere, ba zagi: "Ba zan iya sa hannu a fayil ɗin wanda ban duba ba, domin ya saɓa wa dokar lasisina." Ki ajiye kwafi.

Wannan jimlar ce garkuwarki. A Tekzas mai aiki yana iya sallamar ma'aikaci ba tare da ba da dalili ba, amma akwai togaciya. Dokar aikin nas ta jihar ta hana a hukunta nas don ta ƙi aikata abin da zai jefa lasisinta cikin haɗari, muddin ta faɗi dalilin a lokacin da ta ƙi. Idan kika kai rahoto aka kore ki cikin kwana 60, doka tana ɗaukar ramuwa ce sai mai asibiti ya tabbatar da akasin haka. Kotun ƙolin jihar ma tun 1985, a shari'ar Sabine Pilot, ta hana korar mutum don kawai ya ƙi aikata laifi. A dokar tarayya kuma, wanda aka kora don ya yi ƙoƙarin hana zamba yana iya neman a mayar da shi aiki a biya shi ninki biyu na albashin da ya rasa, cikin shekara uku. Duk waɗannan ba sa hana a kore ki. Suna ba ki ikon kai ƙara bayan an kore ki ne, don haka ki fara tanadin kuɗin haya tun yanzu.

Kai rahoto yana da hanya fiye da ɗaya: ofishin babban sufeto na ma'aikatar lafiya ta tarayya, sashen binciken zambar Medicaid a ofishin antoni-janar na jiha, ko hukumar likitoci ta Tekzas game da likitan. Sai kuma ƙarar da ake kira qui tam, inda ke ce za ki shigar da ƙara a madadin gwamnati. Ana shigar da ita a asirce, aƙalla kwana 60 ba a sanar da wanda ake ƙara ba. Idan gwamnati ta karɓi shari'ar, kasonki kashi 15 zuwa 25 ne na abin da aka ƙwato. Idan ta bar ki ke kaɗai, 25 zuwa 30. Wanda ya riga shigarwa ne ke da haƙƙi, shi ya sa nake cewa ki ga lauya kafin ki buga wa kowace hukuma waya, kada ki yi kuskure a jerin matakan. Ni dai ba zan so ki gina rayuwarki a kan wannan kuɗi ba. Shari'ar takan ɗauki shekaru, kuɗin gwamnati kawai ta shafa, kuma ana rage kason wanda aka ga shi ya kitsa zambar.

Sai kwantiragin. Batun mil 25, ki duba ranar da kika sa hannu. Idan ranar 1 ga Satumba 2025 ce ko bayanta, ko an sabunta shi bayan ranar, sabuwar dokar Tekzas ta taƙaita irin wannan sharaɗi ga nas: ba ya wuce shekara ɗaya, ba ya wuce mil biyar, kuma dole a ba ki damar fansar kanki da kuɗin da bai wuce albashinki na shekara ba. Idan kafin ranar ce, alƙali zai duba ko sharaɗin ya dace, yana kuma iya rage shi. Dala 20,000 kuwa, kotu tana bambanta kuɗin da aka kashe da gaske da tarar tsoratarwa. Ki nemi lissafi a rubuce: horon me aka ba ki, nawa aka biya, da rasit. Ba a cire irin wannan kuɗi daga albashinki sai da izininki a rubuce, kuma idan aka riƙe miki albashi kina da kwana 180 ki kai koke Hukumar Ƙwadago ta Tekzas. Ba ki faɗi matsayin takardun zamanki ba. Idan kina da katin zama na dindindin, babu manajan da zai iya soke shi. Idan biza ce ta aiki, ki ga lauyan shige da fice kafin ki ajiye takardar barin aiki. Yi wa ma'aikaci barazanar kora daga ƙasa don a tilasta masa zama laifi ne a dokar tarayya.

Idan kin tashi tafiya, ki ba da sanarwa a rubuce gwargwadon kwantiragi, ki miƙa marasa lafiyarki yadda ya kamata. Sannan abin da sababbi suke mantawa: ki shiga PECOS, shafin rajistar Medicare, ki soke izinin da kika ba asibitin na karɓar kuɗin Medicare da lambarki, ki canza kalmar sirrin CAQH, shafin da kamfanonin inshora ke duba bayananki, da ta rubuta magani ta kwamfuta, ki gyara adireshin DEA. Ki tambayi irin inshorar da suka yi miki. Wata tana kare duk abin da ya faru a lokacin aikinki ko yaushe aka kai ƙara. Wata kuwa tana mutuwa ranar da kika tafi, sai an sayi ƙari na bayan tafiya, kuma kwantiragi ne zai nuna wa zai biya.

Wajen neman sabon aiki, yawancin masu irin wannan harka sababbin NP suke farauta, don sun san akwai bashin makaranta ga gajiyar jira. Ki yi hattara da wanda ya ce ki fara ranar Litinin ba a gama rajistarki da kamfanonin inshora ba, aikin da yakan ɗauki watanni. A tsakani da lambar wa za su nemi kuɗi? Haka wanda ya fi ɗokin lambar DEA ɗinki a kan sanin abin da kika iya. Mafi haɗari su ne kamfanonin intanet masu biya a kan kowace takardar da kika sa wa hannu, ta takalmin gyaran gwiwa ko gwajin ƙwayoyin halitta, ba tare da kin ga kowa ba. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta gurfanar da mutum 24 a irin wannan zamba ta sama da dala biliyan 1, kuma ofishin babban sufeto ya fitar da gargaɗi na musamman a kai a 2022. Idan aka ce za a biya ki da takardar 1099 ta ɗan kwangila maimakon W-2 ta ma'aikaci mai albashi, ki sani harajin kashi 15.3 cikin 100 na mai zaman kansa yana kanki, ban da harajin kuɗin shiga.

A intabiyu ki tambaya kai-tsaye: da lambar wa ake neman kuɗin aikina, mutum nawa zan gani a rana a wata ukun farko, wa zan kira idan abu ya shige mini duhu, NP ɗin da ta riga ni me ya sa ta tafi. Ki nemi ganin likitan ido da ido, ki duba sunansa a shafin hukumar likitoci da jerin waɗanda tarayya ta haramta wa aiki. Duka kyauta ne. Cibiyoyin lafiya na al'umma da tarayya ke tallafa wa, da asibitocin tsofaffin sojoji, da shirye-shiryen horon sababbin NP na shekara guda, albashinsu kan yi ƙasa amma akwai mai koya miki, kuma a wasunsu ana iya samun tallafin biyan bashin karatu. Komawa aikin nas na da na ɗan lokaci ba faɗuwa ba ce. Idan aka tambaye ki dalilin barin wancan wurin, ki ce kina neman inda ake da tsarin kulawa da sababbi, ki tsaya a nan, musamman idan lauyanki ya riga ya shigar da ƙara a asirce.