Me ya sa sabuluna na madarar akuya ya ƙone?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Na daɗe ina haɗa sabulun wanka da ruwa, ba matsala. Ranar da na gwada da madarar akuya, ina zuba kostik soda sai ta koma ruwan goro, ta tsinke, ga wani zarni mai hawa kai. Madarar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Madararki ƙalau take, zafi ne ya ɓata miki aiki. Soda idan ta haɗu da ruwa zafi take tayarwa, kusan na tafasa. Ruwa bai damu ba, amma madara tana da sukari a cikinta, shi ne ya ƙone ya ba ki wannan launi, zarnin kuma daga furotin ɗinta ya fito.

Maganinsa ƙanƙara. Ki auna madarar, ki zuba a leda ko mazubin ƙanƙara, ki sa a firiza har ta daskare. Ki juye ta a roba mai kauri ko kwanon sitil, ki ɗora kwanon cikin wani babba mai ruwan ƙanƙara. Sai ki riƙa barbaɗa sodar cokali-cokali kina juyawa, kada ki ƙara wani sai na farko ya narke. Zai ci miki minti 15 ko fiye, kada ki gaji. Idan ya tsaya fari ko ruwan ƙwai mai haske, kin dace. Sodar ake zubawa a kan madara, ba a juya tsarin. Tukunyar dalma kuwa kada ta zo kusa, soda cinye ta take yi. Safar hannu da tabarau dole ne, a waje mai iska, nesa da yara.

Ga awon gwaji: man kwakwa giram 150, man kaɗanya 150, man zaitun 200, madara 165, soda 70. Da sikeli za ki auna, ban yarda da awon gwangwani ba. Kuma kowane mai da yawan sodar da yake ci, na kwakwa ya fi na kaɗanya ci sosai, don haka idan kin canza mai sai an sake lissafi.

Ki narkar da mai, ki bar shi ya huce zuwa ɗumin jiki, ki tace haɗin madarar a ciki, ki buga har ya yi kauri kamar koko, sai ki juye a mazubi. Wanda aka yi da ruwa akan lulluɓe shi da bargo, wannan kam a'a. Firji za ki sa shi ya kwana, in ba haka ba tsakiyarsa ta yi duhu ko ya tsage, balle a zafin bazara. Bayan kwana biyu ki yanka, ki shanya a inuwa mako 4 zuwa 6.

Idan wuta ba ta samuwa a unguwarku, ki narka sodar a ruwa giram 85, ki bari ta huce sarai, ki haɗa da mai, sai ki zuba madara mai sanyi giram 80 lokacin da ya fara kauri.

In kina da jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, madararta akwai maiƙo, sabulun zai yi laushi a jiki. Amma don Allah kada ki ce wa masu saye yana sa fari ko yana warkar da ƙyasbi. Abin da yake yi shi ne wanke fata ba tare da ya busar da ita sosai ba.

Na farkon da ya ƙone kada ki zubar. Idan awonki daidai ne ki bar shi ya bushe, zarnin zai fita, ki yi wanki da shi.