An ce P/E ɗin bankin 2 ne kacal, shin in saya?

Tambaya: Malam, kuɗin sallamata daga aiki nake so in zuba a hannun jari. A wani zauren WhatsApp an ce duk kamfanin da P/E ɗinsa bai kai 5 ba garaɓasa ce, a yi maza a saya. Na ga wani banki nasa 2 ne. Wallahi ina tsoron kada gumin shekaruna ya salwanta.

Amsa: Ɗan'uwa, gara da ka tsaya ka tambaya. Lissafin P/E shi ne: farashin hannun jari ɗaya a raba shi da ribar da ya kawo a shekara. Idan ya ba da 2, ribar shekara biyu ta kai kuɗin da ka biya ke nan, muddin ribar za ta ɗore. Wannan sharaɗin ne malaman zaure ba sa faɗa, kuma kullum sai an zo mini da maganar nan har na gaji.

Dubi 2023. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas. Bankunan da ke riƙe da kadarori na dala suka wayi gari da riba mai tarin yawa a rubuce, P/E ɗinsu ya yi ƙasa. Ribar canji ce, ba lallai ta maimaitu baɗi ba. A watan Satumba Babban Bankin ya hana su raba ta ga masu hannun jari, a 2024 kuma gwamnati ta ɗora mata haraji na musamman. To wace araha wanda ya dubi lambar kaɗai ya gani?

Akwai ma wadda ta fi wannan muni, wato ribar da basussukan da ba za a biya ba ke kwance a ƙarƙashinta. Bankuna biyar ɗin da Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Bankin na lokacin, ya sauke shugabanninsu a Agustan 2009 ai riba suke ta sanarwa kafin nan. Masu hannun jarin Afribank, ɗaya daga cikinsu, sun tashi a tutar babu a 2011. Kasuwa ba wawuya ba ce, idan ta karya farashin abu, sau da yawa akwai abin da ta hango. Mai tura maka saƙo ya saya tun jiya, jira yake ku tayar masa da farashi.

Ban ce bankin naka ba shi da kyau ba. Ɗauko rahotonsa na shekara biyar zuwa goma ka ga inda P/E ɗinsa ya saba tsayawa, ka gwada shi da na sauran bankuna, ban da kamfanin siminti ko na waya. Masanin tattalin arziki Robert Shiller na jami'ar Yale ma da matsakaicin ribar shekara 10 yake aunawa, bayan ya cire tasirin hauhawar farashi. Ka ware ribar canji, ka sake lissafin da abin da ya rage, sannan ka saya ta hannun dillalin da ke da rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari.