Tambaya da Amsa: Wufata na girgiza taga amma ni ban jin bas

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Na sayi hom tiyata 5.1 (sifiku biyar da wufa ɗaya, wato akwatin bas) na haɗa a falo, to in na zauna kujera bas ɗin kamar babu, amma in na tashi na je bakin ƙofa sai ka ji kamar ginin zai faɗo, taga na ta ɓari, shekaranjiya har maƙwabcina ya yi sallama da dare kan wanga abu. Na ƙure maɓallin bayan wufar duk a banza. Ko jabu anka sayar min? Daga mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka maida wufar nan kanti, lafiyarta lau, ɗakinka ne ke maka haka. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, to bas mai kauri irin na 40 Hz (wato girgiza 40 a daƙiƙa) tsawon igiyarsa ya kai mita 8 da rabi, ya fi tsawon falon yawancinmu, sai ya bugi bangon siminti ya dawo ya ci karo da wanda ke fitowa, wani wurin su haɗu su ninka wani wurin kuma su kashe juna. Galibi tsakiyar ɗaki ne ramin, wato inda suke kashe juna, jikin bango da kusurwa kuma can yake taruwa. Kujerarka cikin ramin take, shi ya sa ko ka ƙure maɓalli maƙwabci kawai kake ƙara ma.

Ga abin da za ka yi, kuma ko sisi ba ka kashewa. Ɗauki wufar ka ɗora kan kujerar da kake zama, sa abu mai bas, sai ka duƙa ka bi gefen bango a hankali kana saurare, inda ka ji bas ya fito tas ba gunji ba kuma a shaƙe ba, nan ne gidanta. Kar ka damu ko ba gaban talabijin ba ne, ƙasa da 80 Hz kunne bai cika gane inda sauti ke fitowa ba. In ma da hali janye kujerar daga tsakiya kaɗan.

In na'urarka na da menu, shiga ka sa duk sifikun a Small, ka aje iyakar da ke raba sauti tsakanin sifikun da wufa (Crossover) a 80 Hz, ko 100 zuwa 120 in 'yan mitsi-mitsi ne, ta yadda duk kaurin zai koma wufa, za ka ji har maganar 'yan fim ta washe. Akwai kuma maɓallin 0 da 180 a bayan wasu, gwada duka ka bar wanda ya fi cika a wurin zamanka.

Ɓarin taga kuwa alminiyom ne ya yi sako-sako, cusa roba ko kwali, ka duba kwanukan kabad ma. Batun maƙwabci shi ya fi damuna gaskiya, don labule da kafet ba su tare bas, ratsa bango yake yi. Raba wufar da bangon da kuka haɗa, ka sa mata roba mai kauri a ƙasa, bayan isha'i kuma ka rage ta sosai, sannan ka leƙa gidansa ka tambaye shi ko yanzu yana ji.