McTominay: me ya sa ya gagara haskawa a United, ya je Napoli ya zama gwarzon gasa?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗan Manchester United ne tun ina yaro. Shekara da shekaru muna kallon Scott McTominay, a gidan kallon unguwarmu har cewa ake yi shi ne ciwon tsakiyarmu. Aka sayar da shi ga Napoli, a kaka ɗaya ya ɗaga kofi, aka kuma ba shi gwarzon Seriya A. Gasar Italiya ce ba ta da ƙarfi, ko United ce ba ta san abin da ke hannunta ba? In kuma yana da kyau haka, me ya sa aka sayar da shi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. McTominay ɗin da ka sani a Old Trafford shi ne dai wanda ke Napoli. Aikin da ake ba shi a fili ne ya sauya. A United mafi yawan shekarunsa ya yi su yana buga lamba shida, a gaban 'yan baya, alhali baiwarsa ta ɗan lamba takwas ce mai faɗawa cikin yadi na 18. Sai an rarrabe waɗannan ayyuka biyu za a gane labarinsa.

Mu faro daga tushe. An haife shi ranar 8 ga Disamba 1996 a Lancaster da ke Ingila, kuma ta wajen mahaifinsa ya cancanci buga wa Scotland. Yana ɗan shekara biyar ya shiga hannun masu horar da yaran United. A makarantar ƙungiyar ya taɓa buga ɗan gaba, kafin Warren Joyce, kocin ƙaramar ƙungiya, ya zaunar da shi a tsakiya. Ƙaramin jiki gare shi a farko, sai tsawo ya zo masa a lokaci guda, abin da ya haɗa shi da raunuka har wasanni kaɗan ya buga wa 'yan ƙasa da shekara 18. Yau tsawonsa mita 1.93 ne. Ka riƙe batun nan na cewa ya taɓa zama ɗan gaba, don daga nan ya samo sanin inda ƙwallo za ta faɗo a gaban raga.

José Mourinho ne ya fara sa shi a babbar ƙungiya, ranar 7 ga Mayu 2017 a wasa da Arsenal. A Fabrairun 2018 ya ajiye Paul Pogba a benci ya fara da McTominay a gidan Sevilla a gasar Zakarun Turai, ya ɗora masa aikin hana ɗan tsakiyar Sevilla Éver Banega sakat, aka tashi babu ci. A ƙarshen kakar Mourinho ya ba shi kyautar ɗan wasan da koci ya zaɓa. To daga nan aka yi masa shaida da yaro mai biyayya, mai ƙarfi, mai bin mutum. Shaida ce mai kyau, amma ita ta ɗaure shi a baya. Zamanin Ole Gunnar Solskjær aka haɗa shi da Fred su biyu a gaban 'yan baya, Bruno Fernandes yana gabansu, kuma a nan ne sukar da kuke yi a gidan kallo ta samo asali.

Sukar tana da gaskiya a cikinta. Ɗan lamba shida yana karɓar ƙwallo ne daga gola ko 'yan baya, bayansa na kallon ragar abokan hamayya, mutum ɗaya ko biyu na tahowa kansa. Kafin ƙwallon ta iso dole ya waiga ya ga wa ke bayansa. Dole ya fita daga inuwar ɗan gaban da ya tare hanya, ya matsa taku uku ko huɗu gefe don mai ƙwallo ya gan shi. Dole ya tsaya a karkace, ya tarbi ƙwallon da ƙafar da ke nesa da mai ba shi, yadda taɓawar farko za ta juyar da shi gaba. Sannan ya yi haka sau da dama a wasa ɗaya ba tare da ya yi asarar ƙwallo a wurin da kuskure ɗaya kan zama ci ba. A waɗannan McTominay matsakaici ne. Sau da yawa yakan tsaya daidai bayan ɗan gaban abokan hamayya, sai 'yan bayan United su rasa wanda za su ba, su mayar wa gola ko su ɗaga doguwa. In ya karɓa ma, da yake dogo ne, juyawarsa a matsattsen wuri takan ɗauki lokaci, sai ya zaɓi mayarwa baya. Mai kallo yana ganin ƙungiya ta kasa fita da ƙwallo, ya duba wa ke tsakiya, ya ce ga mai laifi.

Amma duba abin da ke faruwa duk ranar da aka sake shi. Ranar 20 ga Disamba 2020 United ta ci Leeds 6-2, McTominay ya zura biyu cikin minti uku na farko, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin Firimiya. Leeds ta Marcelo Bielsa mutum da mutum take bi, don haka tsakiya ta buɗe, shi kuwa ya riƙa tahowa da gudu daga baya yana fuskantar raga. Ranar 7 ga Oktoba 2023 Brentford na gaba da ci ɗaya, aka sako shi minti na 87, ya ci biyu a ƙarin lokaci, United ta yi nasara 2-1. A kakar 2023/24, da Erik ten Hag ya riƙa tura shi gaba, ya ci 10 a duk gasa, 7 daga ciki a Firimiya, duk da cewa wasanni da yawa daga benci yake tasowa. Jimilla ya bar United da wasa 255 da ƙwallo 29, da kofin League Cup na 2023 da na FA na 2024.

Wanda ya fara amfani da shi yadda ya dace shi ne Steve Clarke, kocin Scotland a lokacin, kuma shi ma sai da ya yi zagaye. Da farko a cikin 'yan baya uku ya sa shi, ta dama, domin yana neman hanyar haɗa Andy Robertson da Kieran Tierney, dukkansu 'yan bayan hagu, a tawaga ɗaya. A haka suka fitar da Sabiya da bugun fenareti a Nuwamban 2020 suka samu gurbin gasar ƙasashen Turai. Da aka zo neman gurbin gasar 2024 sai Clarke ya matsar da shi kusa da ɗan gaba. Ya ci 7 a wasannin share fagen, har da biyun da ya zura wa Sifaniya a Hampden, filin wasan Scotland, ranar 28 ga Maris 2023 aka tashi 2-0. Duka biyun iri ɗaya ne: an kutsa ta hagu, an mayar da ƙwallo cikin yadi, shi kuma ya iso a makare ba mai riƙe da shi.

Wannan isowa a makare ita ce sana'arsa, kuma tana da ƙa'ida. 'Yan baya biyu na tsakiya idonsu na kan ƙwallo da ɗan gaba. Wanda ya kamata ya bi mai tahowa daga tsakiya shi ne ɗan tsakiyar abokan hamayya, wanda galibi ya fi shi gajarta kuma yana gudu yana kallon ragarsa. In ɗan lamba takwas ya shiga da wuri, ya zama ɗan gaba na biyu, ɗan baya ya gan shi ya manne masa. In ya makara da yawa, ƙwallon ta wuce. Lokacin da ya dace shi ne daidai sa'ad da ɗan gefe ya ɗaga kai zai bugo, ɗan gaba ya ja 'yan baya zuwa turken kusa, sai a samu fili tsakanin ɗigon fenareti da turken nesa. Mutum mai tsawon mita 1.93 da ya shigo wannan fili da gudu, yana iya sa kai, yana iya bugawa taɓawa ɗaya, tsayar da shi sai an yi da gaske. Sharaɗin shi ne a samu wanda zai tsare bayansa, in ba haka ba duk ƙwallon da aka ƙwace ta zama hari a kan ƙungiyarsa.

Antonio Conte, kocin da ya tarar a Napoli, ya ba shi wannan sharaɗi cikakke. McTominay ya sa hannu a Napoli ranar 30 ga Agusta 2024, tare da ɗan ƙasarsu Billy Gilmour daga Brighton. Conte ya fara kakar da 'yan baya uku, tsarin da aka san shi da shi, amma bayan zuwan McTominay ya koma 'yan baya huɗu don ya samu gurbin 'yan tsakiya uku. Stanislav Lobotka shi ne lamba shida, gajere mai saurin juyawa, shi ke karɓa daga 'yan baya, wato an sauke wa McTominay aikin da ya fi ba shi wahala. Frank Anguissa na Kamaru yana dama da ƙarfinsa. Romelu Lukaku, wanda ya maye gurbin Victor Osimhen da ya tafi aro Galatasaray, yana tokare ɗan baya da jikinsa ya ajiye wa mai tahowa. Matteo Politano, bahago mai buga gefen dama, yana lanƙwaso ƙwallo zuwa turken nesa, daidai ɓangaren hagu inda McTominay ke shigowa. Kowane ɗayansu aikinsa na ƙara wa nasa armashi.

Sakamakon ya fito a lissafi. Napoli ta ci 59 a gasar, 12 nasa ne, wajen kashi ɗaya cikin biyar daga ɗan tsakiya. Bayan an sayar da Khvicha Kvaratskhelia ga PSG a Janairun 2025 nauyin cin ƙwallo ya ƙaru a kansa, kuma a Afrilu, lokacin da ake kankankan da Inter, ya ci biyu a ragar Empoli, ɗaya tilo ta nasara a gidan Monza, da biyu a ragar Torino. Ranar ƙarshe, 23 ga Mayu 2025, Politano ya bugo daga dama, McTominay ya kwanta a iska ya maka ta cikin ragar Cagliari dab da hutun rabin lokaci, Lukaku ya ƙara ta biyu. Napoli ta gama da maki 82, Inter 81, kofi na huɗu bayan na 1987, 1990 da 2023, a ƙungiyar da ta ƙare ta goma a kakar da ta gabata.

Batun raunin gasar Italiya kuwa, ba mu yarda da shi ba. Inter ɗin da Napoli ta tsere wa da maki ɗaya ita ce ta fitar da Bayern Munich da Barcelona ta kai wasan ƙarshe na Zakarun Turai a kakar 2024/25. Atalanta ta ɗauki kofin Europa a 2024, ranar da Ademola Lookman ya zura wa Bayer Leverkusen uku. Abin da za a iya yarda da shi shi ne Firimiya ta fi gudu da gwabzawa, don haka ƙarfin jikin McTominay ya fi fitowa fili a Italiya. Sannan Napoli ba ta buga gasar Turai a kakar ba, Conte yana da mako guda cur tsakanin wasa da wasa yana maimaita wa 'yan wasa inda kowa zai tsaya. Wannan ya taimaka ƙwarai, kuma bai kamata a ɓoye shi ba.

Saura dalilin sayar da shi, wanda rabinsa na fili ne rabinsa na ofis. A fili, gurbin da ya fi dacewa da shi a United na Bruno Fernandes ne, kyaftin, ga Kobbie Mainoo ya taso, kuma abin da ƙungiyar ke nema shi ne lamba shida, shi ya sa Manuel Ugarte ya zo daga PSG a rana ɗaya da tafiyarsa. A ofis kuma a lokacin akwai dokar kuɗi ta Firimiya, wadda ta hana ƙungiya yin asarar da ta haura fam miliyan 105 cikin shekara uku. In ka sayi ɗan wasa, ana raba kuɗinsa ne a kan shekarun kwantaraginsa: na fam miliyan 50 da kwantaragin shekara biyar, miliyan 10 ake rubutawa kowace shekara. In ka sayar da wanda ka saya, sai an cire ragowar kuɗinsa kafin a ƙirga riba. Amma yaron da ka rena a makarantarka ba a saye shi ba, don haka duk abin da aka biya riba ce tsantsa, kuma a shekarar take shiga littafi. Wajen fam miliyan 25 da Napoli ta biya ya buɗe wa United ƙofar sayen wanda ya ninka haka tsada. Ten Hag da kansa ya nuna ba da son ransa aka rabu da shi ba, ya kuma ɗora laifin a kan dokar. A ganinmu kuɗin ya yi kaɗan ga ɗan shekara 27 da ya ci 10 a kakar da ta wuce, kuma United, da ta ƙare ta 15 a kakar 2024/25, ta ji rashin mai cin ƙwallo daga tsakiya.

Kada kuma a wuce gona da iri a yabonsa. Har yau ba shi ne zai tsara wa ƙungiya wasa ba, kuma in aka nisanta shi da yadi na 18 amfaninsa na raguwa. An ga haka a farkon kakar 2025/26, da Kevin De Bruyne ya zo Napoli, Conte ya so ya haɗa 'yan tsakiya huɗu, McTominay ya koma can gefen hagu, hanyarsa ta shiga yadi ta yi tsawo.

In za ka kalle shi nan gaba, ɗauke idonka daga ƙwallo duk sa'ad da ta je gefe, ka nemo shi. Duba inda yake tsaye kafin ɗan gefe ya ɗaga kai, da wanda ya kamata ya bi shi, da wanda ya rage a baya yana tsare masa gurbi. Wasan Scotland da Denmak na ranar 18 ga Nuwamba 2025 a Hampden wuri ne mai kyau na farawa: minti na uku aka bugo daga dama, yana cikin yadi, ya yi alkafura ya buga ta baya ta faɗa raga. An tashi 4-2, Scotland ta samu gurbin gasar cin kofin duniya karo na farko tun 1998.