Tambaya da Amsa: Shin Kwamfutar Kumbo Tana Iya Ɓatar da Matafiyanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Garwa, kuma ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya a kan 'yan sama jannati huɗu da suka nufi duniyar Mars, sai a tsakiyar tafiya kwamfutar kumbonsu ta fara ba su bayanai marasa inganci. Abokina ya karanta babin farko ya ce labarin ba zai shiga hankali ba, wai kwamfuta ba ta kuskure, sai dai in mai da ita muguwa mai nufin halaka su. Shin gaskiyarsa ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Abokinka bai yi daidai ba, kuma ina roƙonka kada ka sauya labarinka saboda maganarsa, domin tarihin tafiye-tafiyen sararin samaniya cike yake da kwamfutocin da suka saɓa wa masu su ba tare da wata mugunta ba.

A ranar 20 ga Yulin 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 yake sauka a kan wata, kwamfutarsa ta yi ta buga ƙararrawa mai lamba 1202, saboda wata na'urar radar ta ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. An tsara ta yadda za ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe manya, don haka injiniyoyin da ke ƙasa suka ce a ci gaba. Duk da haka, da Neil Armstrong ya leƙa ta taga ya ga wurin da take kai su cike yake da duwatsu, sai ya karɓi tuƙin da hannunsa har ya sami fili. A 1999 kuma hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar wani kumbo marar mutane a Mars, saboda wata manhaja ta ba da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam (pound), ɗayar kuma ta ɗauke shi a ma'aunin newton na tsarin mita, kamar mai sayar da gero ya auna da tiya, mai saye kuma ya ƙirga da mudu.

Misalin da nake so ka fi tsayawa a kansa shi ne na rokar Ariane 5 ta Turai, wadda ta tarwatse a ranar 4 ga Yunin 1996, kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta. Wata lamba ce ta yi girman da gurbin da aka tanada mata bai iya ɗauka ba. Rokar tana da na'urar ko-ta-kwana, amma da yake manhaja ɗaya aka zuba wa duka biyun, cutar da ta kama ta farko ita ce ta kama ta biyu. Gudun irin wannan matsala ne ya sa tun shekaru kafin nan aka ba jiragen sararin samaniyar Amurka masu zuwa su dawo (Space Shuttle) kwamfutoci biyar: huɗu suna duba lissafin juna, ta biyar kuma wani rukunin ƙwararru daban ne ya rubuta manhajarta. Ka ga ke nan, idan matafiyanka suka tambayi kwamfuta ta biyu ta gaskata ta farko, ba lallai ne hankalinsu ya kwanta ba, kuma a nan ne zuciyar mai karatu za ta fara bugawa.

Game da musabbabin lalacewar, kana da hujja a hannu, domin a can nesa da kariyar duniyarmu, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi daga rana da sauran taurari sukan ratsa ma'ajiyar kwamfuta, wadda ke adana bayanai da sifili da ɗaya, su juya sifili ya koma ɗaya. Neman taimako daga gida ma ba sauƙi ba ne, tunda saƙo tsakanin duniya da Mars yakan ɗauki daga minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, gwargwadon inda kowacce take.

Shawarata ita ce ka bar kwamfutar ta ci gaba da magana da natsuwa da cikakken tabbaci, tana faɗin abin da ta yi imani da shi ne daidai, sannan ka ba matafiyanka wata hanyar bincike wadda ba ta ratsa ta cikinta ba. Ba sai ka je nesa neman wannan ba, domin madugan da suka bi da ayari daga Kano zuwa Barno da yankin tafkin Chadi da taurari suke gane gabas da arewa. 'Yan Apollo ma sun tafi da na'urar auna kusurwar taurari, kuma a 1970, da Apollo 13 ya lalace aka kashe kwamfutarsa don tattalin wuta, sun daidaita hanya ne ta hanyar kallon duniya ta taga, ɗayansu yana ƙirga daƙiƙoƙi da agogon hannu. Ka sa ɗaya daga cikin mutanenka huɗu ya kasance jikan madugu wanda kakarsa ta koya masa gane Kaza da 'Ya'yanta, ya duba taga ya ga tauraron ba ya inda kwamfuta ta ce yake, sauran ukun kuma su ƙi yarda da shi. Idan ka kammala babi na biyu ka aiko mana, ina son in ga wanda zai fara sauya ra'ayi a cikinsu.