Wednesday Comics: me ya sa ta tsaya bayan fitowa 12 kacal?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wani abokina ya nuna mini wata mujallar labaran zane ta kamfanin DC mai suna Wednesday Comics, faɗinta kamar jarida, ga Batman ga Superman duk a ciki. Ya ce sau 12 kawai ta fito. Kasuwa ce ta ƙi ta, ko me ya faru?

Amsa: Barka kadai. Abokinka ya faɗi gaskiya wajen lissafi, amma ba kasuwa ce ta kashe ta ba. Tun kafin a buga fitowa ta farko an riga an yanke cewa mako 12 za ta yi. Ta fara ranar 8 ga Yuli, 2009, ta rufe ranar 23 ga Satumba na wannan shekarar, kowace Laraba fitowa ɗaya. Sunan ma daga nan ya samo asali (Wednesday ita ce Laraba da Turanci), domin a Amurka ranar Laraba ce sababbin labaran zane suke isa kantuna.

Wanda ya kawo shawarar yin mujallar shi ne Mark Chiarello, babban jami'in zane na DC a lokacin. Abin da ke ransa shi ne shafukan zane na ranar Lahadi da jaridun Amurka suke bugawa a da, lokacin da mai zane ɗaya yake samun shafi guda sukutum ya baje fasaharsa, irin su Prince Valiant na Hal Foster da ya fara a 1937. Daga baya jaridu suka riƙa matse waɗannan shafuka har suka zama 'yan mitsi-mitsi. Chiarello ya so ya dawo da wancan fili. Shi ya sa aka buga ta a kan takardar jarida, inci 14 a faɗi, 20 a tsayi, aka ninke ta sau biyu don ta samu wuri a kanti tare da sauran mujallu. Labarai 15 ne a ciki, kowanne shafi ɗaya a mako. Kenan kowane labari shafi 12 ne gaba ɗayansa.

Wannan ƙa'ida ta shafi ɗaya ita ce daɗin abin, kuma ita ce ta tona wanda ya gane aikin da wanda bai gane ba. Ka duba Kamandi na Dave Gibbons da Ryan Sook. Ba su sa magana a bakin mutanen cikin zanen ba, sai dai rubutu a gefe, kamar yadda Foster yake yi, suka bar hoton ya sha iska. Idan ka shimfiɗa shafin a tabarma, sai ka ga idonka ya yi ta yawo a kai kafin ka tuna akwai abin karantawa. A wurina wannan ya fi kowanne. Neil Gaiman da Mike Allred kuwa wasa suka yi da labarin Metamorpho, jarumin da ke iya rikiɗa zuwa sinadarai: akwai makon da suka mai da shafin allon wasan maciji da tsani, akwai kuma inda jarumin yake tafiya a kan jadawalin sinadarai. Paul Pope ya ɗauki Adam Strange, Kyle Baker ya ɗauki Hawkman. Abin da ya fi taɓa ni shi ne Sgt. Rock, inda Adam Kubert ya rubuta, mahaifinsa Joe Kubert ya zana, yana da shekara fiye da 80 a duniya, hannun nan kuma bai yi rawa ba.

Ba duka suka yi armashi ba. Wonder Woman na Ben Caldwell ya cusa ƙananan hotuna da rubutu a shafi har sai ka kai fuskarka kusa kafin ka gane. Superman na John Arcudi da Lee Bermejo, wanda jaridar USA Today ta buga shafinsa na farko, zanen ya yi kyau amma labarin yana jan ƙafa, a yi mako guda ba a matsa ko'ina ba.

Ƙorafin masu saye ya fi karkata ga farashi. Dala 3.99 ce kowace fitowa, kuma takardar irin wadda ke yin ja ta yage ce idan ta kwana biyu, ga shi ninkin yana barin layi a tsakiyar zane. Masu tara irin waɗannan littattafai a leda ba su ji daɗin hakan ba. Ni ban ga laifin takardar ba, don da ita ake son tuna zamanin da.

Abin da ya sa ba a mai da ita ta dindindin ba, a ganina, nauyin aikin ne. Haɗa kan fitattun marubuta da masu zane na labarai 15, kowa da nasa aikin a gefe, a ce kowa ya kawo babban shafi duk mako ba fashi, abu ne da ake iya jurewa na wata uku, ba na shekara ba.

A 2010 DC ta tattara su a littafi ɗaya mai kauri, a kan takarda mai kyau, kowane labari a jere daga farko zuwa ƙarshe, aka ƙara shafin Plastic Man da na Creeper waɗanda ba su fito a mako-mako ba. Wannan bugun ya ci kyautar Eisner, babbar kyautar labaran zane a Amurka, a 2011. Idan karantawa kake so, shi za ka nema. Amma ka roƙi abokinka ya bar ka ka buɗe ta jaridar ko sau ɗaya, domin an ɗan rage girman shafukan a littafin.